Shefilera, shukar da ba a ci amma na ƙi rabuwa da ita

Yau ba zancen kasuwa zan yi ba, zancen wata shuka ce mai suna shefilera. Masu sayar da furanni a bakin titi sun fi kiranta bishiyar laima, saboda ganyenta bakwai zuwa tara ne ke fitowa daga wuri ɗaya su bazu kamar an buɗe laima. Asalinta daga Taiwan ne da tsibirin Hainan na ƙasar Sin. Ina da ɗaya cikin tukunya a ƙofar ɗakina a nan Sabon Ibadan, shekararta uku a hannuna.

Na san abin da wasunku za su ce, domin Baba ma ya faɗa: abin da ba a ci, ba a magani da shi, ba a shan inuwarsa, ina amfaninsa? Mu a gida zogale muka sani da lalle da darbejiya. To amma don Allah wa ke da filin dasa darbejiya a Sabo? Ko'ina siminti ne da kwano da kwata, kuma yawancinmu haya muke yi. Ranar da mai gida ya ce a tashi, bishiya ba ta bin ka, tukunya kuwa sai ta hau mota tare da katifa. Ni dai idona yana son ganin kore da safe kafin in fita wajen goro.

Babbar maganar ita ce ruwa. Bahaushe ya taso da sanin cewa ƙishirwa ce ke kashe shuka, shi ya sa hannunmu ke saurin kai buta. Ita wannan yawan ruwa ne ajalinta. In ƙasar ta daɗe a jiƙe saiwar ruɓewa take yi, ta yi baƙi ta yi laushi, ganye ya koma rawaya yana zuba, mai ita ya ɗauka ƙishi take ji, ya ƙara mata. Ni yatsa nake tura wa cikin ƙasar, in na ji danshi sai in bar ta, ko da za ta yi mako. Dole tukunya ta zama da huda a ƙasa, a kuma gauraya ƙasar da yashi. Daga Afrilu zuwa Oktoba, lokacin da ruwan Ibadan ba ya jin kira, ƙarƙashin rumfa nake mayar da ita. Waɗanda suka fi ba ni wahala su ne masu alwala a gidanmu. Kowa ya ga tukunya sai ya tsuguna a kanta, wai yana neman lada. Sau biyar a rana, mutum nawa! Sai da na ɗora ta kan benci na samu lafiya.

Tana son haske amma ranar tsaka tana ƙona mata ganye. In kuma ka kulle ta a ɗaki mai duhu sai ta yi ta tsawo siririya tana neman taga. Ka riƙa juya tukunyar don kada ta karkata gefe guda. Da hunturu ƙura kan rufe ganyen, sai in goge da jiƙaƙƙen tsumma, a nan ne nake duba bayan ganye ko akwai ƙwarin nan farare masu kama da auduga. Ruwan sabulu kaɗan yana maganinsu.

Masu yara ku ji wannan da kyau: ganyenta yana da guba. In yaro ko kyanwa ta tauna, baki yana zafi ya kumbura, ga dalalar miyau. Gidan haya kuwa ba ya rabo da masu rarrafe, don haka a sa ta inda hannu ba ya kai.

In ta yi tsawo da yawa a datse kan, za ta fito da rassa ta cika. Abin da aka datse a soka shi a ƙasa mai danshi a inuwa, cikin 'yan makonni yakan yi saiwa. Yanzu haka ina da guda biyu da suka kama a gwangwanin madara. Wanda ke kusa kuma yake so ya yi magana, amma ya zo da tukunyarsa.