Wane Gida Za A Bai Wa Dara?

Mai karatu zai yi mamaki ya ga malamin sakandare, wanda furfura ta fara leƙowa a gemunsa, ya zauna yana ɓata tawada a kan wata makaranta da babu ita a bayan ƙasa. To, a yi mana uzuri. Mu ma ba da niyya muka faɗa ciki ba, yara ne suka ja mu, kuma abin da muka kwaso a can har yau bai bar mu mun sake ba.

Makarantar da muke nufi ita ce Hogwarts, ta cikin littattafan Harry Potter waɗanda J. K. Rowling, marubuciya 'yar Birtaniya, ta rubuta. Na farko ya fito a 1997, na bakwai kuma a 2007. Makarantar kwana ce ta koyon sihiri, an kasa ɗalibanta gida huɗu kamar yadda ake yi a makarantunmu na kwana, domin mu ma daga Ingila muka gaji wannan tsari. Sai dai su can wata tsohuwar hula ce ke yin rabon. Za a kifa wa yaro ɗan shekara 11 ita a ka, ta leƙa zuciyarsa, sannan ta shelanta gidansa. Jarumai su tafi Gryffindor, mai tambarin zaki da jan launi. Masu wayo da dogon buri su tafi Slytherin, gidan maciji, kore. Masu kaifin ƙwaƙwalwa na Ravenclaw ne, gidan gaggafa, shuɗi. Sauran, wato masu haƙuri da aiki tuƙuru da riƙon amana, sai Hufflepuff, mai launin ɗorawa da tambarin wata dabba mai kama da dage.

Mu ke kula da ƙungiyar adabi ta makarantarmu, wadda ke zama duk ranar Laraba da yamma. Da muka lura yawancin yaran sun kalli finafinan wannan labari, kaɗan daga cikinsu ma sun karanta littattafan, sai muka ga dama ta samu ta koya masu yadda marubuci ke fito da halin mutanen labarinsa. Muka rubuta sunayen gidajen huɗu a allo, a gefe kuma muka jera wasannin zaune guda biyar: ces, wanda wasu suka sani da shaɗaranji, da Monopoly, da Scrabble, da ludo, da darar nan tamu ta gargajiya. Muka ce kowane wasa a nema masa gidan da halinsa ya dace da shi. A zatonmu aikin minti ashirin ne.

Ces suka fara ɗauka, baki ɗaya suka miƙa wa gidan gaggafa, wai ai wasan masu tunani ne. Mu ma mun gyaɗa kai. Sai wani da ya karanta littafin farko ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to ai wanda ya fi iya ces a labarin shi ne Ron, kuma shi ɗan gidan zaki ne." Gaskiyarsa. A ƙarshen littafin, lokacin da Ron da abokansa biyu suka tsaya a madadin 'ya'yan wani ƙaton ces mai rai, matsayin doki ya ɗauka, kuma da ya ga babu hanyar nasara sai an ci shi, ya matsa da kansa aka buge shi domin Harry ya ƙarasa wasan. Lissafin na mai ƙwaƙwalwa ne, amma miƙa wuyan na jarumi ne. Nan dai gardama ta kaure, ces ya rasa gida.

Monopoly bai ba da wahala ba. Wasan da za ka saye filaye, ka gina gidaje, ka yi ta tatsar abokanka kuɗin haya har su tsiyace, wa za a ba in ba maciji ba? Mun dai gaya masu abin ban dariyar da ke cikin tarihinsa, cewa tushensa wani wasa ne da wata Ba'amurkiya, Elizabeth Magie, ta yi wa rajista a 1904 domin ta nuna wa mutane illar handame ƙasa, amma da aka shiga sayar da shi da sabon suna a 1935 sai handamar ta zama ita ce daɗin wasan. Scrabble kuwa aka tura shi gidan gaggafa a maimakon ces, muka ƙara masu da cewa ɗan Nijeriya ne, Wellington Jighere, ya ci gasar duniya ta wannan wasa a Ostareliya a 2015, ɗan Afirka na farko da ya yi haka. Ko shi ma Scrabble ɗin, wanda ya taɓa bugawa ya san rabinsa sanin kalmomi ne, rabinsa toshe wa abokin karawa hanya, wanda hali ne na maciji. Amma muka bar shi haka don kada dare ya yi mana.

Da aka zo kan ludo sai dariya ta ɓarke. "Na Hufflepuff ne, Malam! Wasan da babu tunani, ka zauna kana jiran siki." Idanu duk suka juya wajen wasu yara uku da ke zaune a baya. A nan ne ya kamata mu faɗi abin da muka ɓoye tun farko. Makarantarmu ma gida huɗu gare ta, ja da kore da shuɗi da ɗorawa, daidai da kusurwoyi huɗu na allon ludo, kuma mu ne hausmasta na gidan ɗorawa. Babu wata hula da ke raba yaranmu. Ranar da sababbin ɗalibai suka zo, magatakarda ne ke bin rajista yana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya sake komawa ɗaya. Duk da haka kowa a makarantar zai rantse maka cewa 'yan ja su ne 'yan ƙwallo, 'yan shuɗi su ne masu karatu, 'yan ɗorawa kuwa ci da barci. Mun daɗe muna jin wannan magana a ɗakin malamai muna dariya, kai, mu da kanmu mun sha faɗinta a gaban yaran in ranmu ya ɓaci.

Saura dara. Muka ce mu a ganinmu ta maciji ce, domin wasa ne na ɗana tarko. Sai ɗaya daga cikin yaran nan uku na baya ya miƙe, yaron da a tsawon shekara biyu ba mu taɓa jin muryarsa a aji ba sai in ana kiran suna. Ya ce, "Malam, a yi mani afuwa, dara ta 'yan ɗorawa ce." Muka ce ya kawo hujja. Ya ce gurabe talatin ne, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, kuma kafin a fara ci sai kowa ya gama jera nasa ɗaya bayan ɗaya, babu ci a lokacin, babu kirari, babu abin da ɗan kallo zai tafa wa. Ya ce a wannan jerin ake cin wasa ko a faɗi, abin da ke biyo baya girbi ne kawai. Mai gaggawa yana ɗokin ya haɗa uku a layi, mai haƙuri kuwa yana gyara wa 'ya'yansa hanyar motsi tun ba a soma ba.

Muka ce to, a zo a gani a ƙasa. Aka haƙa gurabe a yashin bayan aji, shi da tsakuwa, mu da guntayen kara. Mai karatu, ba sai mun ja zance ba. Sau uku muka buga, sau uku ya share mu, a na ukun ma ya sami wani jeri da tsakuwa ɗaya ke kai da komowa tsakanin layi biyu, duk motsi sai ya ɗauke mana kara, muna kallo babu yadda za mu yi. Dara ta ci gida. Yara suna ta sowa, shi kuwa ko murmushi bai yi ba, sai da ya gama ya ce a wurin kakansa ya koya, a gindin bishiyar da tsofaffi ke zama a ƙauyensu.

Daren nan mun daɗe ba mu runtsa ba. Zango uku a jere mun rubuta a katin sakamakon yaron nan cewa ba ya mai da hankali, alhali ba mu taɓa zama da shi na minti biyar ba. Launin rigarsa muka duba muka yanke hukunci. Ashe dai makarantar tana da hula, mu ne hular, kuma ta Hogwarts ta fi mu adalci, domin ita takan saurari yaro. Ta so kai Harry gidan maciji, ya roƙe ta kada ta yi, ta kuwa ji.

Ita kanta Rowling ba ta bar tambarin gida ya zama ƙarshen magana ba. Peter Pettigrew, wanda ya ci amanar iyayen Harry saboda tsoro, ɗan gidan jarumai ne. Neville, wanda kowa ke ɗauka raggo, shi ya sami maki 10 da suka ba gidan zaki kofi a shekarar farko, don ya tsaya ya tare abokansa. Cedric Diggory, wanda aka zaɓa ya wakilci makarantar a babbar gasa a littafi na huɗu, ɗan gidan ɗorawa ne. Inda muke ganin ta gaza shi ne gidan maciji, wanda ta cika da miyagu har ya zama da wuya mai karatu ya yi wa ɗansu kyakkyawan zato. Wannan cuta kuwa mun fi ta fama da ita a rubuce-rubucenmu. Da an ce kishiya ko matar uba ko Alhaji mai kuɗi a shafi na biyu, an riga an kifa masu hula, mai karatu ya san abin da za su yi har shafin ƙarshe. Da marubucinmu zai zaunar da kishiyar nan gaban allon ludo, ya nuna mana yadda take yi in an ci ɗanta yana dab da shiga gida, da wataƙila shi da kansa ya ga wata mace dabam da wadda ya yi niyyar rubutawa.

Laraba ta gaba muka tarar ba a share allon ba. Monopoly na ƙarƙashin maciji, Scrabble na ƙarƙashin gaggafa, ces an ja masa kibiya biyu, ludo kuwa wani ya goge shi daga ƙarƙashin Hufflepuff da hannun riga ya rubuta dara a gurbinsa. Ba mu tambayi ko wane ne ba. Yaron nan dai yanzu shi ke koya wa 'yan aji ɗaya na gidanmu dara bayan la'asar, mun kuma sake karawa da shi sau tara tun daga ranar. Sau ɗaya muka ci, shi ma muna zargin bar mana ya yi.