Takalmin Hawan Dutse da Awon Tsinke

 Yau maganar takalmi na zo da ita, amma ba na zuwa biki ba.

Duk wadda ta taɓa bin hanyar mota daga Gusau zuwa Tsafe ta ga Dutsen Kwatarkwashi, a ƙasar Bunguɗu, ga shi nan tsaye sumul kamar bayan ƙwarya. Tsafe ma tana da nata duwatsun. A 'yan shekarun nan rashin tsaro ya hana mu nisa cikin daji, Allah ya kawo sauƙi. Amma dutsen da ke bayan gari, 'ya'yanmu ba su daina taka shi ba, ko don itace ko don awaki. To, da me suke takawa? Da silifas.

A Turai hawan dutse wasa ne, har da gasa. Cikin 1935 wani mutumin Italiya, Vitale Bramani, ya rasa abokan hawansa shida a kan duwatsun ƙasarsu. Ya ɗora laifin a kan takalma, ya shiga neman dabara, a 1937 ya fito da tafin takalmi na roba da ake kira Vibram. Yanzu har mata suna wannan wasa. Wata 'yar Sulobeniya, Janja Garnbret, ta ci zinariya a wasannin Olamfik na Tokyo a 2021, ta sake ci a Paris a 2024.

Takalmin masu irin wannan hawa abin kallo ne. Ba shi da tudun dunduniya, tafinsa roba ce mai laushi mai kama dutse, kuma yana lafe wa ƙafa kamar fata, yawanci ko safa ba a sa masa. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, masu ɗinka shi sun gane ƙafar mace ba ƙaramar ƙafar namiji ba ce. Galibi dunduniyarmu ta fi siranta, bayan ƙafar kuma bai kai nasu tudu ba. Don haka na mata dabam ake yankansa.

Mu kuwa fa? Sai a karyo tsinken tsintsiya, a gwada a ƙafar yarinya, a ba maigida ya tafi da shi kasuwa. Har a bi shi da saƙo, “Malam, a ƙara kaɗan, ai girma take yi.” Tsinke tsawo kaɗai ya sani. Bai san faɗi ba, bai san dunduniya ba. Bara 'yar maƙwabciyata ta bi awaki kan fa da takalmin da aka sayo mata haka. Wajen gangarowa ƙafar ta zame a cikin takalmin, ta faɗi, idon sawunta ya goce. Sai da ta yi wata biyu ba ta leƙa makaranta ba, jarrabawa ta wuce ta. Wannan fa ba ta ɗauke da itace a ka, ba ta da goyo. Ina ga mai goyo?

Ni ban ce a nemo na Turawa ba. Wancan don hawan miƙaƙƙen dutse aka yi shi, ba ya tafiya, ga tsada. Kambas mai igiya ya ishe mu, in dai ƙafar ce ta je kasuwa da kanta. In babu halin fita, a roƙi mai kaya ya aiko da uku a zaɓa. A gwada da la'asar, don lokacin ƙafa ta ɗan kumbura. A gwada dama da hagu, don sau da yawa ɗaya ta fi ɗaya. Ki ɗaure igiya, ki yi ɗage: in dunduniya ta fita, ya yi yawa. In babban yatsa yana dukan gaba, ya yi kaɗan, kuma wajen gangara za ki sha wuya. Ki danna tafin da farce. Roba mai laushi ta fi kama dutse, mai tauri mai ƙyalli santsi gare ta.

Wajen adana shi kuma, kada a shanya shi kan kwano ko kusa da murhu, zafi yana sakin gam, ya busar da roba. A goge tafin da jiƙaƙƙen tsumma, don ƙura da yashi su ne ke kawo zamiya, a bar shi a inuwa ya sha iska. In tafin ya cinye, a kai wa mai gyara tun bai huje ba. Da damina kuwa, in dutse ya jiƙe ya yi gansakuka, babu robar da ke riƙe shi, a dakata ya bushe. Kuma kowace safiya a kakkaɓe takalmin kafin a zura ƙafa, saboda kunama.