Kashi Nawa, Kuma Na Mene Ne?

Mai karatu, wannan watan sai ka yi mani afuwa, domin ba sharhin fim na zo da shi ba. Lissafi na kawo. Na san da jin haka wasu za su juya shafi su tafi neman hoton jarumar da su ke so, to amma ka ɗan dakata. Ina kyautata zaton a gidan ku akwai wanda ya cike fom ɗin neman aikin ɗan sanda, ko kwastan, ko shige-da-fice, ko banki, ya na jiran ranar da za a kira shi jarrabawar gwaji a gaban kwamfuta. Idan ba ƙanen ka ba ne, to kai ne.

A finafinan mu, mai neman aiki hanyar sa ɗaya ce: ya rungumi fayil, rana ta dake shi, a kore shi daga ofis uku, sai ya tsinci jakar wani Alhaji ya mayar masa, shi ke nan ya zama manaja, har da 'yar gidan a matsayin gyara. Darakta ba ya ɓata lokacin sa a zauren jarrabawa. Alhali a zahiri can ne a ke zubar da yaran mu, kuma tambayoyin kashi bisa ɗari su na cikin manyan masu kayar da su.

Ni ɗan Birnin Gwari ne, don haka abin ya fi yi mani ciwo. Yaro daga Kuyello ko Randagi ko Dogon Dawa, kafin ya kai ga kujerar jarrabawar nan ya riga ya biya farashin da ɗan cikin Kaduna bai biya ba. Akasari Kaduna a ke tura su, tafiyar sama da kilomita 100 ta Udawa da Buruku, hanyar da aka yi shekaru sai da rakiyar sojoji a ke bin ta saboda 'yan bindigar da su ka mamaye dajin Kamuku da kewaye. A 2021 ma an katse layukan waya a yankin mu na kusan wata biyu, ga shi fom ɗin neman aiki duk ta intanet a ke cikewa. Bayan sulhun da aka yi a ƙarshen 2024, wanda har aka sake buɗe kasuwar shanu ta garin, an samu sauƙin tafiya. To amma mutum ya sayar da buhun masara ya yi kuɗin mota, ya kwana a shagon wani, sannan tambaya mai layi biyu ta dawo da shi gida hannu rabbana, wannan abin takaici ne.

Abin da na lura da shi a wajen ƙannen da mu ke zama da su da yamma idan na je gida shi ne, ba lissafin ne ba su iya ba. Wane ɗan manomi ne bai san zakka ba? Gonar damina buhu 1 cikin 10, ta ban-ruwa 1 cikin 20, kuɗin ajiya 1 cikin 40. Ai su ne kashi 10, kashi 5 da kashi 2.5 bisa ɗari. Ka tambayi yaron nan zakkar buhu 60, kafin ka rufe baki ya ce maka 6. Ka rubuta masa tambayar da Turanci, ka sa agogo ya na gudu a saman kwamfuta, sai ka ga zufa.

Dalili shi ne irin waɗannan tambayoyi labari ne, ɗan gajeren labari, kuma wanda ya rubuta shi ya ɓoye jarumin da gangan. A nan ne na ke ganin ku masu karatun littattafai kun fi kowa sa'a, don kun saba da bin diddigin wane ne ya yi wa wane mene. Jarumin kowace tambaya shi ne asalin adadin da a ke auna kason a kan sa. Duk inda ka ga an ce kashi kaza, kada ka taɓa biro sai ka tambayi kan ka: kashi kaza na mene ne?

Ga misali. A ce buhun masara N40,000 ne, sai ya tashi da kashi 25. Kashi 25 rubu'i ne, wato N10,000, ya zama N50,000. Kaka ta yi, sai ya sauka da kashi 25. Nawa ya koma? Yawancin yara za su ce ya koma inda ya fito, kuma mai jarrabawa ya san haka, shi ya sa za ka tarar da N40,000 zaune cikin amsoshin ta na jiran su. Amma a fitowa ta biyu jarumi ya canza. Rubu'in N50,000 a ke nufi yanzu, wato N12,500, don haka buhu ya koma N37,500. Da kashi 20 kawai ya sauka, da ya dawo daidai N40,000. Hawa da sauka ba a kan tsani ɗaya a ke yin su ba.

Wadda ta fi wannan mugunta ita ce mai tafiya da baya, irin fim ɗin da a ke fara nuna maka ƙarshe. An sayar da rago N120,000 an ci ribar kashi 20, nawa aka saye shi? Sai yaro ya cire kashi 20 na N120,000, ya samu N96,000, ya danna, ya wuce da murna. Kuskure ne. Riba a kan uwar kuɗi a ke auna ta, ba a kan kuɗin sayarwa ba, kowane ɗan tireda ya san wannan. Uwar kuɗi ita ce kashi 100, da riba su ka zama 120. Idan kashi 120 ne N120,000, kashi 1 ya zama N1,000, kashi 100 kuma N100,000. Ka gwada: ribar kashi 20 a kan N100,000 ai N20,000 ce. Ta zauna daram. Wannan dabarar ta neman kashi 1 tukuna, sannan ka ninka, ita ce na fi yarda da ita, don ba ta buƙatar haddar wata ƙa'ida, kuma ba kowace jarrabawa ce a ke barin mutum da kalkuleta ba.

Ka gwada ta a kan abin da ya faru a jihar mu. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba, wato kashi 75. Kashi 1 na 33,000 shi ne 330. Sau nawa 330 za ta shiga 21,780? Sau 66. An yi ta cece-ku-ce a kan adalcin wannan jarrabawa, ni ma ina da ra'ayi na, amma ba shi ne gaba na yau ba. Abin lura dai, maki ƙalilan ne tsakanin wanda ya tsira da aikin sa da wanda ya rasa.

Sai tarkon da har 'yan jarida ke faɗawa. A Fabrairun 2020 an ƙara harajin VAT daga kashi 5 zuwa 7.5. Da kashi nawa ya ƙaru? Tazarar 2.5 ce, babu musu. Amma idan ƙaruwar a ke tambaya bisa abin da a ke biya a da, 2.5 rabin 5 ce, wato harajin ya ƙaru da kashi 50. Kayan N10,000 da ka ke biya wa N500, sai ka koma biyan N750. Aljihu ya fi baki sanin gaskiya.

Turancin kan sa ma sai an yi hattara. "Increased by" daban, "increased to" daban: na farko abin da aka ƙara ne, na biyu inda aka tsaya. Sannan kalmar da ta biyo bayan "of" ko "than" galibi ita ce jarumin da mu ke nema. Idan aka ce kuɗin Audu ya fi na Bala da kashi 25, da Bala a ke awo. Juya zancen, na Bala ya gaza na Audu da kashi 20 ne kawai. Masarar ɗazu ce ta dawo da wata riga.

Wata ƙaramar dabara don lokaci: kashi 8 na 25 daidai ya ke da kashi 25 na 8, wato 2. Idan gefe ɗaya ya yi tauri, juya shi. Idan kuma tambaya ba ta ba ka adadi ko ɗaya ba, sai kaso zalla, ɗauka abin 100 ne ka bi labarin da shi. An cire kashi 20, saura 80. An sake cire kashi 10 na saura, saura 72, ba 70 ba.

Shawara ta ga yayye irin mu, a daina tilasta wa yaran nan haddace amsoshin tsofaffin tambayoyi kamar baitin waƙa. Lamba ɗaya za a canza, haddar ta rushe. Gara ka sa yaro ya karanta tambaya, ya rufe takarda, ya ba ka labarin da Hausa kamar ya na ba ka labarin fim ɗin da ya kalla jiya. Idan ya iya faɗa maka wa ya saya, nawa, kuma da me a ke awo, rabin aiki ya ƙare. Bayan nan sai a sa agogo, minti ɗaya kowace tambaya.

Ga taku nan. Wani dillali a kara ya ɗora kashi 25 a kan kuɗin da mai saniya ya yanka masa. Mai saye ya taya, aka rage masa kashi 10 na kuɗin da dillali ya faɗa, ya biya N450,000. Nawa mai saniya ya yanka tun farko? A aiko da amsa ta adireshin mujalla, tare da yadda aka bi aka same ta. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan fim.