Kwana Ɗaya A Kan Keke A Gaɓar Kogin Potomac

Ranar da na aika wa yayana hoton keken da na saya, amsarsa ba ta wuce layi ɗaya ba: "Haba ƙanena, duk nisan da ka yi zuwa Amurka, a keke ka ƙare?" Ban ga laifinsa ba, domin a wurinmu duk wanda ya koma hawa keke bayan ya mallaki mota, kallon wanda arziki ya juya wa baya ake yi masa. Sai dai keken nan ya kai ni wani wuri da mota ba ta da izinin shiga, kuma labarin wurin nake son bai wa mai karatu a wannan makon.

Ina zaune a Germantown, ɗaya daga cikin garuruwan bayan gari da ke arewa maso yammacin birnin Washinton, a jihar Maryland. Gari ne na gidaje masu kama da juna, da manyan kantuna, da titunan da ke cika da motoci tun kafin hudowar rana, kowa na hanzarin shiga birni wurin aiki. Amma idan mutum ya nufi kudu, kafin rabin awa a mota gidajen sun ƙare, ya iso gaɓar Kogin Potomac, wurin da ake kira Riley's Lock. Nan na sauke kekena wata Asabar ta watan Oktoba, da sanyin safiya, ganyen itatuwa ya fara rinewa zuwa ja da ruwan ɗorawa.

Hanyar da na hau tsohuwar hanyar alfadarai ce. A gefen kogin akwai kanal, wato hanyar ruwa da aka haƙa da hannu, mai suna Chesapeake and Ohio, wadda ta taso daga Georgetown a cikin Washinton ta ƙare a garin Cumberland, tsawon mil 184 da rabi, kusan kilomita 297. Ranar 4 ga Yulin 1828 Shugaba John Quincy Adams ya ƙaddamar da haƙarta. Kogin yana da duwatsu da gangaren da jirgi ba ya iya bi, don haka aka haƙa masa abokiyar tafiya mai kwanciyar ruwa, aka gina mata ƙofofi 74. Kowace ƙofa ɗaki ne na dutse da jirgi ke shiga, a rufe, a cika shi da ruwa ko a rage, jirgin ya hau ko ya sauka kamar mai taka matakala. Alfadarai ke jan jiragen da igiya daga gaɓa, yawanci 'ya'yan masu jirgin ne ke kora su, kaya kuwa kwal ne daga duwatsun yamma.

Wani abin mamaki shi ne, a ranar da aka fara haƙar kanal ɗin, a ranar aka aza harsashin layin dogo a birnin Baltimore, shi ma yamma ya nufa. Jirgin ƙasa ya isa Cumberland a 1842, kanal kuwa sai a 1850, bayan bashi da annobar kwalara ta 1832 da ta kashe leburori da dama, akasarinsu baƙi daga ƙasar Ailan. Haka ta yi ta ɗingishi har ambaliyar 1924 ta kawo ƙarshen aikinta. A ma'aunin 'yan kasuwa, asara ce tun daga tushe.

Keken da ake hawa a irin wannan hanya shi ake kira keken tsakuwa. Siffarsa ta keken tsere ce, kansa a lanƙwashe, amma tayarsa ta fi faɗi, kamar milimita 40, kuma ba a cika mata iska sosai don ta riƙa shanye girgizar hanya. Babu kwalta a nan, niƙaƙƙen dutse ne aka shimfiɗa aka daddaɓe. Babu hawa babu gangara, saboda an tsara hanyar ne daidai da ƙarfin alfadari mai jan kaya. Doka ta hana wuce gudun mil 15 a awa, kuma wajibi ne ka kaɗa ƙararrawa kafin ka wuce mai tafiya a ƙasa. Guzurina gorar ruwa biyu ne, da dabino, da famfo, da kayan faci.

Daga Riley's Lock, da ke kusa da alamar mil 23, na haye gadar Seneca, wadda aka gina da jan dutse don ta ɗauki ruwan kanal ta ƙetare da shi kan wani rafi. Daga mahaƙar da ke kusa da nan aka yanko dutsen da aka gina tsohon ginin cibiyar Smithsonian a Washinton. Bayan gadar, kanal ɗin ya ƙafe, itatuwa sun tsiro a cikinsa har sun yi kauri, wasu wuraren kuma ruwan sama ya kwanta ya yi kore, kififiya na shan hantsi a kan kututture. A hannun hagu kogin na tafiya a hankali, zalɓe na tsaye a gefensa. Na yi mil da yawa ba na jin komai sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya, har na manta cewa fadar shugaban Amurka ba ta kai tafiyar awa guda a mota daga inda nake ba.

Wannan shirun ba kyauta aka same shi ba. Gwamnatin tarayya ta karɓi kanal ɗin a 1938, kuma bayan yaƙin duniya na biyu aka fito da shirin mayar da shi titin mota. A farkon 1954 jaridar Washington Post ta rubuta sharhin goyon bayan shirin. Sai wani alƙalin Kotun Ƙoli, William O. Douglas, ya rubuta wa jaridar wasiƙa yana gayyatar editocinta su zo su taka hanyar da ƙafa tare da shi kafin su yanke mata hukunci. Suka amsa. A watan Maris na shekarar aka yi tafiyar kwana takwas daga wajen Cumberland zuwa Washinton, kuma bayan an dawo jaridar ta sassauta matsayinta. Duk da haka sai da aka ƙara shekara 17 ana kai ruwa rana kafin a mayar da wurin gandun tarihi na ƙasa a 1971. A matsayina na mai rubutu a shafin ra'ayi, labarin nan ya tsaya mini a rai: sharhin jarida ya kusa binne hanyar, wasiƙar mai karatu ta buɗe ƙofar cetonta, kuma editocin ba su ji kunyar canza ra'ayi ba bayan sun gani da idonsu.

Wajen alamar mil 35 na tsaya a White's Ferry, inda jirgin fito ya daɗe yana ƙetarar da motoci zuwa jihar Virginia, har ya daina aiki a Disamban 2020 saboda rikici da masu filin da ke ɗaya gaɓar. A jikin bangon kantin da ke wurin an zana layukan da ke nuna inda ruwa ya kai a manyan ambaliyoyi, ciki har da ta 1972 da ta 1996, sai mutum ya ɗaga kai sama kafin ya gan su. Kogin da ya karya kasuwancin kanal har yanzu yana cin hanyar, kuma duk lokacin da ya cika ya koma, sai an nemi kuɗi da 'yan sa kai an sake gyara. Hukumar kula da gandayen ƙasa ce ke riƙe da wurin, amma mazauna yankin na tara gudummawa, suna kuma fitowa da kansu su kwashe shara da rassan da suka faɗo.

Ƙarshen tafiyata ita ce gadar Monocacy, bayan alamar mil 42, wadda aka kammala a 1833 da farin dutse, mai baka bakwai da tsawon ƙafa 516. Sojojin Kudu sun yi yunƙurin tarwatsa ta a 1862 lokacin yaƙin basasa, ginin ya gagare su. A wani zangon matafiya da ke kusa na buga famfon hannu na yi alwala, na yi sallar azahar a kan ciyawa. Masu wucewa iri-iri ne: dattijuwa a kan tsohon keke mai kwando, matasa a kan kekunan da kuɗinsu ya kai na mota, magidanci da 'ya'yansa, masunta da ƙugiyoyinsu. Babu wanda ya biya ko sisi kafin ya shiga ta nan.

A dawowa, daga White's Ferry na bar gefen kanal na bi River Road, wadda wani yankinta har yau tsakuwa ce, ta ratsa gonaki. Su ma gonakin doka ce ta tsare su. A 1980 ƙaramar hukumar Montgomery ta keɓe kimanin eka 93,000 don noma, ta taƙaita gine-gine a cikinsu, in ba haka ba da tuni gidaje irin na unguwarmu sun kai bakin kogi.

Ina tafe ina tunanin gida. Mu ma muna da wuraren da aikinsu na asali ya ƙare: ganuwar Kano da ta daina tsare gari, da kududdufan da aka daina ɗibar ƙasar gini a cikinsu, da tsofaffin layukan dogo da jirgi ya daina bi. Abin da muka saba yi shi ne mu yanka su filoti-filoti, mutum goma su amfana, sauran jama'a su rasa inda za su miƙe ƙafa, alhali likitoci kullum suna yi mana nasihar motsa jiki saboda hawan jini da ciwon sukari. Ina ganin kafin a sake yanka irin waɗannan wurare, ya dace masu yanke hukuncin, da mu masu rubutu a jarida, mu je mu taka su da ƙafa tukuna.

Na iso Riley's Lock dab da la'asar sakaliya, na yi kusan mil 40, ƙura ta rufe ƙafafuna har gwiwa, cinyoyina na zogi. Na ɗauki hoton gadar jan dutsen da keken jingine a jikinta na aika wa yayana. Wannan karon tambaya ya yi: idan ya zo ziyara, akwai inda zai samu keken haya?