Ƙura ce, ba yaron ba

Hunturun bara na komo daga lakwal da faifan koyon Faransanci da na aro wa yara. Na sa shi cikin DVD ɗinmu, ta yi ta ƙugi, sai ta rubuta "No Disc". Ban tambayi kowa ba, na hau babban ɗana da faɗa, don shi ke yawan taɓa ta. Ya ce, "Wallahi Baba, ba ni ba ne." Ban saurare shi ba. Daren nan ko tuwo bai ci ba.

Washegari na kai ta wurin mai gyara. Ya buɗe, ya nuna mini ɗan idon gilashin da ke karanta faifai: ƙura ta rufe shi. Ya goge a hankali da auduga da ɗigon alkol, ta tashi garau. Ya ce in faifai na tsayawa, a goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a kewaye ba. In akwai murya babu hoto, a duba waya mai kan rawaya. Ja da fara na murya ne. In an gama kallo, a lulluɓe ta.

Dala ɗari ya karɓa. Abin da ya yi mini tsada shi ne tsayawa gaban yaron in ce, "Yi haƙuri, na zalunce ka."

Tun ran nan, ko a aji, in abu ya lalace, sai na bincika kafin in nemi mai laifi.