Tsohon Mai Ba Ya Fita a Rana Ɗaya

Idan ka taɓa bin hanyar da ta taso daga Akwanga zuwa Jos, to, ka san Hawan Kibo, ka kuma san cewa a nan ne kowace mota take faɗin gaskiya game da lafiyarta. A nan tawa ta tona mini asiri wata Asabar da yamma, muna dawowa daga ɗaurin aure ni da uwargida. Na taka totur, inji ya yi ta ruri, amma motar kamar ana riƙe da ita ta baya. Can sai giya ta shiga da ƙarfi har muka girgiza. Ga tirela a bayanmu, ga kwari a gefe. Uwargida ta riƙe ƙofa tana kiran sunan Yesu. Allah cikin jinƙansa ya haye da mu lafiya.

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2005, irin waɗanda muke kira 'yan Kwatano, mai giya otomatik. Shekara shida tana hannuna. Baƙin man inji ban taɓa wasa da shi ba, da lokacinsa ya yi nake juye shi. Man giya kuwa ban taɓa tunawa da shi ba, domin bai taɓa yi mini kuka ba.

Ranar Litinin na kai ta wurin wani makaniki ɗan ikkilisiyarmu. Ya zaro sandar awon man giya, ya goga a farar takarda, ya miƙo mini. Ya ce, "Baba, sabon man giya ja ne kamar zoɓo, kana iya hangen haske ta cikinsa. Dubi naka, ka kuma sansana." Nawa ya yi duhu kamar shayin da ya kwana, yana ƙauri. Ya bayyana mini cewa man nan aiki uku yake yi: yana sa ƙarafa su yi santsi, yana kwashe zafi, kuma shi ne yake matsa faifan kuloc na ciki domin giya ta shiga. Zafi da tsufa sukan cinye ƙarfinsa a hankali, har ranar da za a nemi ƙarfin a rasa. Ya ce tun da bai zama baƙi ƙirin ba, akwai bege. Da yake zai tafi ƙauye makoki na mako biyu, ya ba ni aron kayan aiki, ya ce ni da ɗana za mu iya a gida idan muka bi a hankali.

Zan faɗa maka yadda muka yi, domin wataƙila ya amfane ka, domin kuma a cikin aikin ne Ubangiji ya same ni.

Mun fara da sayen man da ya dace. A jikin sandar awon an rubuta T-IV, shi muka nema, gama man giya iri-iri ne, wanda ya dace da wata mota yana iya lalata wata. Muka sayi sabuwar filta da gasket ɗinta. Na ɗan zagaya da motar don man ya yi ɗumi ya tsinke, sa'an nan muka tsayar da ita a wuri mai daidai, muka ja birkin hannu, muka sa duwatsu a tayoyin baya. Muka ɗaga gaba da jak, muka kafa ƙarafan tokara guda biyu. Ina roƙonka, ɗan'uwa, kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita. Rai ya fi gaggawa tsada.

Ɗana ya kwance notin tsiyayarwa, man ya zubo cikin daro. Da ya tsaya, muka kwance notocin kwanon da ke ƙarƙashin giyabos, muka bar biyu a gefe ɗaya domin kwanon ya karkata a hankali, sauran man ya zube ba a fuskarmu ba. Filtar tana nan daga sama, notoci kaɗan suke riƙe da ita. Muka cire ta, ta yi nauyi da dauɗa.

A gindin kwanon akwai ƙananan maganaɗisu. Na taɓa ɗaya da yatsa, sai ga wani laushin taɓo mai ruwan toka ya manne mini. Ɗana ya ce, "Baba, ƙasa ce ta shiga?" Na ce a'a. Makanikin ya riga ya gaya mini: garin ƙarfe ne, daga gogayyar sassan da suke aiki tare kowace rana. Ba daga waje ya shigo ba, a ciki aka haife shi. Idan gari ne mai laushi, abin da aka saba ne. Idan kuwa aka ga ɓarɓashi masu kaifi, to, wani abu ya fara karyewa, sai a nemi gwani. Namu gari ne, muka gode wa Allah.

Muka wanke kwanon da maganaɗisun tas, muka kankare ragowar tsohon gasket, muka ɗaura sabuwar filta. Notocin kwanon muka ɗaure su a gicciye, wannan gefe sa'an nan wancan, ba da ƙarfi ba, gama matsi mai yawa yakan tsinke gasket ya sa yoyo. Kafin mu zuba sabon mai, muka auna wanda ya fito domin mu mayar da daidai gwargwadonsa. Lita uku da ɗan ɗoriya. Muka zuba da mazurari ta bututun sandar awo, muka sauke motar, na tayar da inji, na taka birki, na bi da giya ɗaya bayan ɗaya, na komar da ita P. Da injin ya yi zafi yana kan aiki, na duba awo, ya cika daidai. Tsohon man muka ɗura a jarka don mu kai gareji, ba mu zubar a kwata ba, gama ruwan da maƙwabta suke sha daga ƙasar nan yake fitowa.

Bayan kwana uku na sake zaro sandar, na goga a farar takarda, ina sa ran ganin jan zoɓo. Sai na ga ruwan ƙasa-ƙasa. Ya fi na dā, amma ba sabo ba ne. Raina ya ɓaci, na ɗauka jabun mai aka sayar mini. Na buga wa makanikin waya. Ya yi dariya ya ce, "Baba, giyabos ɗin nan yana cin kusan lita bakwai. Uku ka fitar. Sauran yana cikin wani tulun ƙarfe da ke tsakanin inji da giya, da kuma bututun da suke zuwa lagireto. Wannan ba ya zubowa don an buɗe kwano. Sabon ya gauraya da tsohon. Ka yi tafiya da ita kwanaki, ka sake juyewa, ka sake. Kowane karo tsohon yana raguwa."

Na ajiye wayar, na zauna a bakin ƙofa da takardar a hannuna. Ba motar nake tunani ba. Ƙanena nake tunani.

Bayan rasuwar mahaifinmu, ƙanena ya sayar da wani yanki na gonar gado ba tare da ya shawarce ni ba. Matarsa tana asibiti a lokacin, kuɗi ya ƙare masa. Wannan na sani yanzu, na kuma sani a lokacin, amma abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, ni ne babba, aka yi ba da ni ba. Na faɗa masa maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Dattawa suka shiga tsakani, aka zaunar da mu gaban fasto, ya ce, "Yaya, ka gafarta mini." Na ce na gafarta. Muka yi musafaha, aka yi addu'a, aka ci abinci. Shekara huɗu ke nan, kuma da ka tambaye ni, da na ce maganar ta wuce.

Amma a bakin ƙofar nan Ruhu Mai Tsarki ya goga zuciyata a farar takarda. Na tuna yadda nakan bar wayata ta yi ta ƙara idan na ga sunansa. Na tuna lokacin da ɗansa ya nemi taimakon kuɗin makaranta na ce babu, alhali akwai. Mafi muni, na tuna ranar da na ji masararsa ba ta yi kyau ba, wani ɗan sanyi ya ratsa raina. Ni ne kuwa nake raba gurasa a ranar Jibin Ubangiji. Gafarar da na furta ba ƙarya ba ce, amma abin da ke saman kwano kaɗai ta fitar. Sauran ɗacin yana can ciki yana zagayawa, yana gauraya da kowane sabon abu da Allah yake zuba mini.

Ka lura da wannan, mai karatu, kada mu rikita abu biyu. Gafarar da Allah yake yi mana cikin Almasihu cikakkiya ce, a kan gicciye aka gama ta, ba a biya rabi aka bar rabi ba. Amma tsarkakewar zuciyarmu aiki ne na kowace rana. Sa'ad da Bitrus ya tambayi Ubangiji ko sau bakwai ya isa a gafarta wa ɗan'uwa, amsar da ya samu a Matiyu sura 18 ta wuce abin da mutum zai zauna yana ƙirgawa. Dā ina ɗauka ana nufin laifofi masu yawa ne kawai. Yanzu na ga cewa laifi ɗaya ma yana iya bukatar a gafarta shi sau da yawa, duk lokacin da ya taso a zuciya. Dubi Yusufu. Ya rungumi 'yan'uwansa da kuka a Masar, Yakubu ya zauna shekara 17 a ƙasar, amma da tsohon ya rasu, tsoro ya sake kama su. A Farawa sura 50 Yusufu bai ce musu ai an gama wannan magana ba. Ya sake yin kuka, ya sake ta'azantar da su, ya yi alkawarin ciyar da su da 'ya'yansu.

Asabar ta gaba muka sake juye man. Da muka gama, na ce wa ɗana ya wanke hannu, za mu je ƙauye. Na sami ƙanena yana gyaran rumbu. Ya ce, "Yaya, lafiya?" Na ce lafiya, na zo ne in nemi gafara. Ya ce ai an gama tuntuni. Na ce a wurinsa an gama, a wurina ne da saura. Na faɗa masa maganar waya, da ta kuɗin makaranta, har da ta masara, wadda ta fi wuyar fita daga bakina. Ya yi shiru mai tsawo, sa'an nan ya ce ya daɗe da sani, shi ya sa ya rage zuwa gidana. Ashe abin da nake tsammani na ɓoye, ƙaurinsa ya riga ya kai masa. Muka durƙusa a gindin rumbun muka yi addu'a.

Ba zan ruɗe ka ba, ko bayan wannan akwai ranakun da tsohon tunani yakan ɗago kai. Amma yanzu na san abin yi: in kai shi gaban Ubangiji nan da nan, in ɗauki waya in kira ƙanena.

A wuri ɗaya misalin nan ya gaza, ina kuwa murna da gazawarsa. Makanikin ya ce da na ƙara jinkiri har kuloc ya ƙone, sabon mai ba zai iya komai ba. A wurin Allah ba haka yake ba. Dawuda, bayan annabi Natan ya tona zunubinsa, ya roƙi sabuwar zuciya a Zabura 51, ba gyaran tsohuwa ba, Allah kuwa ya karɓe shi. Duk da haka kada alherin nan ya sa ka yi sakaci, gama mutanen da kake ɗauke da su, matarka da 'ya'yanka da ikkilisiyarka, su ne za su sha wahala a ranar hawan dutse.

Saboda haka ina tambayarka: wane ne ka ce ka gafarta masa, amma har yanzu ba ka iya yi masa addu'ar albarka da dukan zuciya? Kada ka ce gafararka ta farko banza ce. Ka gode wa Allah dominta, ka koma ka sake.

Mu yi addu'a. Ya Uba na sama, ka san abin da ya rage a cikina wanda idona ba ya gani. Ka nuna mini shi, ka ba ni tawali'un da zan yarda, da ƙarfin da zan koma wurin ɗan'uwana ko sau nawa ne. Ka cika ni da Ruhunka har ɗacin ya ƙare. Cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.