Rabon Tsuntsu a Bishiyar Ɓaure

Ɓaure itace ne mai sauƙin reno. Ka yanko reshe ka kafa a ƙasa da damina, ka tsare shi daga awaki, zai kama. Wahalarsa tana zuwa ne a 'yan kwanakin ƙarshe, sa'ad da 'ya'yan suka fara sauya launi suna laushi. A lokacin ne mai gida da tsuntsu ke sa ido kan abu ɗaya, kuma kullum tsuntsu yana riga mai gida tashi.

'Ya'yana, ku fara sanin halin ɗan itacen. Ayaba da mangwaro da gwanda, in sun ƙosa, ana tsinke su a ajiye a ɗaka su ƙarasa nuna. Ɓaure ba ya yarda da haka. In ka tsinke shi ɗanye, zaƙinsa ba zai ƙaru ba har ya lalace. Dole a bar shi a reshe sai wuyansa ya lanƙwashe, jikinsa ya yi taushi, farin ruwan nan mai danƙo ya daina fita daga tsinkensa. Haka namu na gargajiya yake, mai girman nan da ke zuba 'ya'ya cunkus a jikin manyan rassa. Haka ma tin yake, wanda Allah Ya rantse da shi a sura ta 95, wanda alhazai kan zo da busasshensa tsaraba, kuma Turkiyya ce ta fi kowace ƙasa noma shi. Yanzu wasu na dasa shi a tsakar gida, kuma da yake gajere ne ya fi daɗin tsaro.

Baƙin kuwa sanannu ne. Kurciyar gamji takan sauka shiru, launinta ya saje da ganye, sai faɗuwar ɓawo ta tona ta. Cilakowa takan zo da kukanta, tsirya kuma ta ɓarnatar da fiye da abin da ta ci. In dare ya yi jemage ya karɓi aiki.

Muna yara, tsaron bishiya aikinmu ne. Mukan zuba tsakuwa a gwangwani mu ɗaure da igiya mu riƙa ja, mukan kafa mutum-mutumi da tsohuwar riga. Daga baya aka zo da zaren kaset da tsofaffin faya-fayan CD masu ƙyalli. Duk suna aiki, amma na ɗan lokaci. Tsuntsu yana lura. Abin da ya gani jiya a wuri ɗaya, bai motsa ba, bai cutar da shi ba, gobe a kansa zai sauka. Wanda zai yi amfani da abin tsoratarwa sai ya riƙa sauya masa wuri, kuma kada ya rataya shi tun kafin a fara nuna.

Abin da na ga ya fi riƙo shi ne rufi. A sa raga mai ƙananan idanu, a ja ta ta miƙe, a ɗaga ta daga jikin 'ya'yan, a ɗaure bakinta a gindi. Raga sako-sako tarko ce, takan kama ƙafar tsuntsu da ƙadangare su mutu a banza. Gidan sauro mai magani kuwa ba a rufe abinci da shi, ku bar wa yara su kwana a ciki. In bishiyar ƙarama ce, ɗinka 'yan jakunkuna da yadi marar kauri a sa wa kowane ɗa ya wadatar. A tanadi waɗannan tun da wuri, don ba a fafe gora ranar tafiya. Amma kada a yi gaggawar rufe ɓauren gargajiya. Furensa a cikin ɗan yake, kuma 'yan mitsi-mitsin ƙwarin da kuke gani in kun ɓare shi su ne ke shiga ta ɗan bakin su yi masa barbara. Sai ya fara sauya launi a rufe.

Sauran dabarun biyu ne. A riƙa zagaya bishiya bayan sallar asuba a tsinke duk wanda ya nuna, a share wanda ya faɗo. Da rani kuma a ajiye kasko da ruwa nesa da ita, domin wani saran ƙishirwa ce ke jawo shi.

Duk da wannan, ban taɓa ganin wanda ya tsare bishiya baki ɗaya ba, kuma ban ga dalilin neman haka ba. Jan baki da ke sauka dubbai kan gero da shinkafa a fadamun Haɗejiya annoba ce mai cinye abincin shekara, yaƙi da ita tilas ne. Kurciyar da ta ci ɓaure a tsakar gida ba ta kai nan ba. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa abin da Musulmi ya shuka, in tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Ku dubi gamji da cediya da ke tsirowa a tsagin katanga ko a kan wata bishiya: tsuntsu ne ya kai irin. Saboda haka ni nakan rufe rassan da hannuna ke kaiwa, in bar na sama. Guba kuwa ba ta shiga gidana, haka ma danƙon harbi.

Na ga irin wannan a sha'anin mutane. Wani ya yi shekaru yana tarbiyyar ɗa, sai ya saki hannu daidai lokacin balaga, lokacin da idanun waje suka fi yawa a kansa. Wani kuma ya kafa wa dukiyarsa tsaro har ya rufe ƙofa ga dangi da almajiri, ya ƙare da gajiya da baƙin jini. Ku ƙara kula sa'ad da abu ya kusa nuna, ku tsare abin da ikonku ya kai, ku fitar da rabon wasu da zuciya ɗaya tun kafin a ɗauka. Allah Ya sa wa abin da kuka shuka albarka.